A Gwada Yaro Kafin A Wanke Masa Allo

 Ina so in kawo muku wata magana da ta daɗe tana cin raina, a kan yaranmu ƙanana da ke zuwa makarantar firamare, wadda iyayenmu ke kira elementare. Ni ba malamin boko ba ne. Abin da na sani na boko da girmana na koya, a ajin yaƙi da jahilci, bayan na yi sauka na zauna da almajirai. Amma abin da zan faɗa a zaurena ya faru, idona ya gani.

Ran nan bayan girbin masara, wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda muka yi kolo tare a gaban malami guda, ya yi mini sallama bayan La'asar yana riƙe da hannun ɗansa mai shekara 12. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗanka na kawo ka yi masa rubutun sha, kansa ya toshe." Na ce, "Alhaji, me ya yi zafi?" Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi kwana tara, yaron shagonsa kuwa ya tafi ganin gida, sai ya miƙa wa ɗan nan littafin bashi, wanda yaron shago ke rubutawa da boko, ya ce ya karanto masa sunayen mutanen da a ke bi. Yaro ya ƙura wa takarda ido, ya kasa fid da suna ko ɗaya. Alhali kuwa yana aji biyar, takardar sakamakonsa ta ce ya ci, an kuma ce baɗi za shi aji shida. Alhaji ya ɗauka iskanci ne, har ya mare shi, daga baya ya ga lalle yaro ba wasa ya ke yi ba.

Na ce masa rubutun sha ba ya gagara, amma bari tukuna mu ga inda ciwon ya ke. Na share ƙasa, na zana baƙaƙen boko guda biyar ba bisa jerinsu ba. Ya gane uku, biyu suka ɓace masa. Na ce ya faɗo mini baƙaƙen tun daga farko, sai ya rero su tsaf har ƙarshe kamar waƙar gaɗa. Na rubuta "ba", ya karanta. Na rubuta "baki", ya yi shiru. Sa'an nan na juya ga lissafi, na ce masa da baki, "Akwai tiya 52 ta dawa a shago, aka sayar da 27, saura nawa?" Kafin in rufe baki ya ce 25. Na rubuta masa wannan lissafi ɗin dai a ƙasa, 52 a bisa, 27 a ƙarƙashi, na ce ya ɗebe. Ya duƙa ya daɗe, ya rubuta 35. Na dubi Alhaji na ce, "Kan ɗanka lafiya lau ya ke. An dai yi ta wanke masa allo ne shekara biyar ba wanda ya ji biyawarsa."

Kada wani ya yi gaggawar zagin malaman boko, don in an bi ta barawo a bi ta mabi sawu. Ku tuna shekarun da yaron nan ya fara makaranta a cikinsu. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya duka saboda annobar korona, aka yi watanni yara na gida. Ba a daɗe da komawa ba, a daren 11 ga Disamba na shekarar, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, sai ran 17 ga wata aka sako yara 344. Gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana, tsoro kuwa bai tsaya ga na kwana kaɗai ba, ya shiga kowane gida mai ɗa a makaranta. A 2021 aka rufe waɗansu kasuwanni da hanyoyi, aka yanke layin tarho a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A tsakanin haka ƙauyuka nawa suka watse, mutanensu suka kwararo cikin gari ko suka nufi Funtuwa da Malumfashi? Malamin da aka tura ƙauye yana tsoron hanya, wanda ke cikin gari kuwa ajinsa ya cika ya batse da baƙi. To, ga inda ɓarnar ta ke: duk shekarar da ta kewayo sai a ɗaga yaro zuwa aji na gaba, ko ya zauna aji ko bai zauna ba, domin a boko shekara ke tafiyar da yaro. Littafin aji biyar kuwa an rubuta shi ne don wanda ya riga ya iya karatu. Wanda baƙi ya kuɓuce wa a aji ɗaya ba zai sake gamuwa da darasin baƙi ba har ya fita.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tare da UNICEF sun bi gida gida a 2021 suna gwada yara 'yan shekara 7 zuwa 14, suka tarar wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya karatu na tushe, haka kuma a lissafi. Bankin Duniya ma a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Na kawo wannan ne don Alhaji da ire-irensa su daina ganin ɗansu ne kaɗai daƙiƙi a duniya.

Yanzu ku dubi yadda mu ke yi a makarantar allo, abin da muka saba da shi har ba mu ganin darajarsa. Yara hamsin na zaune a tabarma guda, amma allon kowa daban. Wannan yana babbaƙu, yana koyon ba guje da ha kuri da lam ara da mim jaye, kowane baƙi da siffarsa ta farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Na kusa da shi ya shiga farfaru, yana ɗora wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Wancan kuwa ya kai izu goma. Ba wanda ke cewa tun da dai sun zo rana ɗaya, ko shekarunsu ɗaya, lalle a rubuta musu abu ɗaya. Kuma ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ko gardi ya biya shi kaɗai, an ji da kunne. In ya yi gargada a ce ya koma, ko da zai kwana bakwai a kan allon nan. Ba a taɓa jin an ba almajiri izu na gaba don damina ta kewayo ba.

Amma kada mu yi ta yabon kanmu, mu ma muna da namu miki. Sau nawa kolo ke biya allonsa tiryan-tiryan alhali da kunne ya ɗauka daga bakin na kusa da shi, yatsansa na bin layi, idonsa na kallon kaji? In ka sa yatsa a tsakiyar allo ka ce, "Wannan wane baƙi ne?" sai ya koma farko ya fara rerowa. Wannan da waƙar baƙaƙen da ɗan Alhaji ya yi mini, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dorina kuwa ba ta maganinta, ƙara ta ma ta ke yi, gama yaron da ke tsoron bulala ya fi son ya haddace ya tsira da ya tsaya ya duba. Ni kaina na yi shekaru ina wannan kuskure kafin in gane.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na ji labarin wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham, wadda aka kafa a 1995. Su ma sun tarar da yara sun kai aji biyar ba su iya karatun aji biyu ba. Dabarar da suka fito da ita, a ajiye maganar aji na ɗan lokaci kowace rana, a gwada yara ɗaya ɗaya, a raba su rukuni rukuni gwargwadon inda kowa ya tsaya: wanda bai san baƙi ba, da wanda ya san baƙi, da mai karanta kalma, da mai karanta 'yan jimloli, da mai karanta labari. Kowane rukuni a koya masa abin da ya ke bukata, wanda ya ƙware a ɗaga shi nan take ba sai shekara ta ƙare ba. An kawo wannan hanya Jihar Kano a 2019, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, don yaran aji huɗu zuwa shida, cikin wani shiri da a ke kira KaLMA. Da aka bayyana mini ita sai na yi dariya na ce, ashe tsarin tsangaya ne ya je Indiya ya yiwo wanka ya dawo. A jiharmu kuwa da Zamfara, tun 2015 an yi wani shiri mai suna RANA, da hannun UNICEF da kuɗin gwamnatin Ingila, wanda ya koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku, har da makarantun allo da suka yarda a haɗa musu da boko, ya kuma buga littattafan yara da labarai masu lissafi a ciki. Shiri irin wannan yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ba kuma kowace makaranta ya ke kaiwa ba. Uba kuwa kullum yana nan.

Saboda haka ga abin da na ke roƙon kowane mai ɗa ko 'ya a firamare ya yi cikin makon nan, ba ya cin kwabo, ba ya wuce minti goma. Ka kira yaron shi kaɗai, ba gaban 'yan'uwansa ba, ba kuma da fuskar shari'a ba. Ka ajiye takardar sakamako gefe guda. A rubuta masa baƙaƙe goma a warwatse, ka ce ya nuna biyar ya faɗi. In ya iya, a rubuta masa kalmomi na gida irin su gero, tabarma, ƙofa, rijiya, waɗanda ba daga littafin makarantarsu aka ɗauko ba, don kada hadda ta ruɗe ka. In ya wuce nan, a ba shi jimla uku ko huɗu, alal misali labarin akuyar da ta shiga rumbu. In ya karanta ba gargada, sai a ba shi labari mai ɗan tsawo, in ya gama ka tambaye shi wa ya yi me, kuma don me. Inda ya tsaya, nan ne allonsa, ko da a makaranta an ce yana aji shida. Kada ka yi fushi, kada ka ce kaito a gabansa. Ka gode wa Allah da ka gano tun da sauran lokaci.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan fili za su ce, "Malam, mu da ajami kaɗai muka sani, ina mu ina gwada ɗan boko?" Jawabi shi ne ka sa wani ya rubuta, ɗan maƙwabci na sakandare ko yaron shago, ya faɗa maka abin da ya rubuta, kai kuma ka rubuta shi da ajami a taka takardar. Yaro na karanta tasa kana duba taka. Kunnen da ya iya kama kuskuren almajiri a cikin mutum arba'in masu karatu da ƙarfi ba zai kasa gane gargadar yaro guda ba. Kuma kuɗin da ke aljihunka ma allo ne. Takardar naira 200 da ta 500 da ta 1,000 suna ɗauke da adadinsu da ajami, ga lamba, ga kuma rubutun Turanci. Uba ya karanta nasa gefen, ɗa ya karanta nasa.

Akwai wata fa'ida da na daɗe ina lura da ita, ina kuma so 'yan'uwana malamai su gwada su gani. Yaron da ya gama farfaru da gaske, wanda ya san baƙi in an ɗora masa wasali sauti ke fita, ya riga ya haye babban kogin. Boko na Hausa wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, sai dai maimakon a ɗora su bisa ko ƙarƙashin baƙi, a gefensa a ke ajiye su, rubutun kuma daga hagu ya ke tashi. In ka ce masa ba da wasali bisa ita ce b da a, ba da wasali ƙasa ita ce b da i, ba da rufu'a ita ce b da u, sai ka ga idonsa ya buɗe. Abin da ya rage sai baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da masu tagwaye irin sh da ts. Hausa a boko yadda aka rubuta haka a ke faɗi. Turanci ba haka ya ke ba, wasali guda sai ya yi sauti uku ko huɗu, ga baƙaƙen da a ke rubutawa ba a furtawa. Yaron da aka fara masa da Turanci kaya biyu aka aza masa lokaci guda, koyon haɗa baƙi da koyon harshen da ba ya ji. Hukuma ta yi ta juyawa a kan wannan mas'ala: a watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar an janye an koma Turanci. Wannan shari'ar manya ce, ba ni da ta cewa a cikinta. Amma babu dokar da ta shiga zaure ko tsakar gida. A gida a fara wa yaro da Hausa, in ya iya haɗa baƙi cikin harshen da ya ke mafarki da shi, Turancin ma zai fi yi masa sauƙi. Iyayenmu da suka yi elementare da Ka Koyi Karatu suka fara, suka wuce zuwa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ba kuwa wanda ya ce Turancinsu ya gaza.

To, mu koma ga lissafi, inda 'yan kasuwa suka fi mu malamai iko. Me ya sa ɗan Alhaji ya ce 25 da baki, ya rubuta 35 a ƙasa? Da baki, yadda ya ga ubansa na yi ya bi: daga 27 zuwa 30 uku, daga 30 zuwa 50 ashirin, ga biyu, ya zama 25. A rubuce kuwa ya dubi 2 da 7, ya ga ba a ɗebe bakwai daga biyu, sai ya juya su ya ɗebe biyu daga bakwai ya sami 5, ya ɗebe 2 daga 5 ya sami 3. Bai san cewa 5 ɗin nan da ke cikin 52 hamsin ce ba. A wurinsa lissafin kasuwa da lissafin makaranta ba su ko san juna ba. Maganin wannan tsinken tsintsiya ne da zare. A ƙirga tsinke goma goma a ɗaure, kowane ɗauri dami guda. 52 ta zama dami biyar da tsinke biyu. Ka ce ya ba ka 27. Zai ga tsinke biyu ba su isa bakwai ba, dole ya kwance dami guda, su zama dami huɗu da tsinke goma sha biyu. Ya ba da bakwai saura biyar, ya ba da dami biyu saura biyu. Ga 25 a gabansa. Abin da malamin boko ke kira aro ke nan, kwance dami ne kurum. Ɗan Alhaji sau uku ya yi wannan, a na huɗu ya ture tsinken ya rubuta daidai.

Ɗan kasuwa kuwa shagonsa makaranta ce in ya so. Maimakon yaro ya zauna yana korar ƙuda, a ba shi tsohon littafi da fensir. Buhu mai tiya 40, an auna 13 da safe, 9 da yamma, saura nawa? Ya faɗa da baki tukuna, sa'an nan ya rubuta, a ga ko bakinsa da hannunsa sun yi daidai. A ce tiya naira 1,500 ce, mutum ya auni uku ya ba da 5,000, nawa ne canjinsa? Sharaɗin dai shi ne a rubuta, domin rubutun ne ya gagare su. Iyayenmu sun yi ciniki da kuɗin da ya fi namu wuyar lissafi nesa ba kusa ba, anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, watau kwabo 240 a fam guda, ga taro da sisi da nai a tsakani, har ran 1 ga Janairu 1973 da naira ta zo da kwabonta 100. Ba su yi asara ba don rashin lissafi. Abin kunya ne jikokinsu su riƙa ciro tarho daga aljihu don su san kuɗin tiya uku.

Mu malamai kuwa kada mu ce lissafi na 'yan boko ne. Da me a ke fid da zakka? Manomin da ya sami buhu 30 na masarar damina ushurinsa buhu 3 ne, in da ban ruwa ya yi da wahalarsa buhu ɗaya da rabi. Dukiyar ciniki in ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin arba'in a ke fitarwa, watau 1,000 daga kowace 40,000. Da me a ke raba gado? Mutum ya rasu ya bar mata da ɗa da 'ya kaɗai, ya bar naira 240,000 bayan an biya bashi da wasiyya. Matar tana da sumuni, 30,000. Saura 210,000 a kasa uku, 'ya ta ɗauki 70,000, ɗa ya ɗauki 140,000. Duk wanda ya karanta babin gado a Risala ya san ba a taɓa shi sai da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Almajirin da ke cewa ya kai izu biyu da rubu'i, ya kuma san sumuni takwas ke cika izu, izu sittin su ba da sumuni 480, ya riga ya shiga lissafin ɓangare bai sani ba. Abin da ya rage a nuna masa rubu'in nan shi ne a ke rubutawa ɗaya bisa huɗu. Ƙasar Katsina kuwa ba baƙuwar hisabi ba ce. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya wallafa littafi a kan hatimai na adadi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana lissafi na ƙasashen waje suna ambatonsa. Na sha ganin malami ya iya cika hatimi gida tara, kowane layi ya ba da 15 ta kowace fuska, amma bai taɓa tunanin ya zana shi a ƙasa ya bar gida uku fanko ya ce wa kolo ya cike ba. Yara suna son wannan wasa fiye da yadda za ku zata.

Ban manta da iyaye mata ba, ko da ya ke ba su ke karanta wannan fili ba, sai ku kai musu. Yarinyar da ke ɗaukar tallar ƙosai ko ƙuli ta fi yayanta namiji saurin canji, amma sau da yawa ita ce ba ta iya rubuta ko sunanta ba. In ta dawo talla uwa ta sa ta rubuta nawa ta fita da shi, nawa ta sayar, nawa ya dawo. Uwar da ba ta yi karatu ba ma tana iya cewa, "Zo ki karanta mini abin da aka yi muku yau," ta kasa kunne tana tankaɗe. Tatsuniyar dare kuwa kada a raina ta, yaron da ya saba jin labari da farkonsa da ƙarshensa shi ke saurin fahimtar na takarda. Lokacin da na ga ya fi dacewa shi ne tsakanin Magariba da Lisha, ko da hasken tocila ne, kwata guda na sa'a kowace rana. Ya fi a tara a yi sa'a uku ranar Alhamis.

In ka gano inda ɗanka ya tsaya, sai ka je makarantar da ƙafarka. Yawancinmu ba mu taka ta sai ran da aka kore yaro don kuɗin wani abu. Ka yi sallama da malamin ajinsu da mutunci, yadda ka ke so a yi wa malamin allo, ka ce, "Malam, na gwada yaron nan na ga kalma ya ke tsayawa, me za mu yi ni da kai?" Mutumin da ke fama da yara fiye da ɗari a ɗaki guda, ba zai iya jin biyawar kowa ba, amma yaron da ubansa ya zo a kansa ba ya ɓacewa a cikin taro. Kowace makarantar gwamnati kuma an ce ta kasance da kwamitin mutanen gari masu sa ido a kanta. In an kira taronsa malamai da 'yan kasuwa su je, su roƙi hedimasta abu guda: a ware sa'a ɗaya kowace rana a raba yaran aji huɗu zuwa shida bisa ga inda karatunsu ya tsaya. Ba ya bukatar sabon gini. Gardawanmu da suka yi sakandare ma suna iya taimakawa da rukunin masu baƙi, gama aikin da suka saba ne.

Alhaji dai bai tafi da rubutun sha ba ran nan, ya tafi da dami goma na tsinke a aljihun babbar riga. Muka yi da shi yaro zai riƙa zuwa bayan an tashi karatun yamma, daga Asabar zuwa Laraba, in ba shi kwata guda. Na haɗa shi da waɗansu yara shida 'yan gudun hijira da ke unguwarmu, biyu cikinsu mata, duka a rukunin baƙi. Mako uku ya ɗauka kafin ya bar rukunin nan, kalma kuwa ta riƙe shi kusan wata biyu, don ya saba da cinta daga baƙin farko maimakon ya bi ta har ƙarshe. Yanzu yana karanta jimla, ko da ya ke har yau k da ƙ suna rikita shi, ya kan karanta baƙi ya ce baki. Makon jiya ubansa ya sake miƙa masa littafin bashin nan a gabana. Ya karanto suna goma sha ɗaya, ya tsaya a kan na goma sha biyu ya ce yaron shago ya tara ba daidai ba, an rage naira 2,000. Alhaji ya lissafa da yatsunsa sau biyu, ya tarar haka ne. Rabawa ce ba mu taɓa ba tukuna, ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu fara, na kuma ce kowane yaro ya zo da ƙwayar masara arba'in a cikin gwangwani.